Yadda Ake Zaɓen Ƙaramar Bindiga Don Kare Kai Daga Beyar a Dazukan Amurka

'Yan'uwa mazauna Amurka da suka shiga harkar tafiyar ƙasa da jakar goyo, masu kwana biyu ko uku a dazukan Alaska, Montana, Wyoming da Idaho, sun dame ni da tambaya ɗaya: wace ƙaramar bindiga ce za ta tsayar da beyar? Yawancin masu tambayar sun riga sun yanke hukunci a ransu, babbar da ta fi kowacce ƙara suke so in ce su saya. Ba zan ce haka ba. Bindigar da za ta yi maka rana ita ce wadda hannunka zai kai gare ta cikin daƙiƙa biyu, ka harba ka samu, ka sake harbawa ka sake samu. Ga matakan bi da bi, kuma tsarinsu na da muhimmanci, kada ka tsallake zuwa na huɗu.

1. San dabbar da ke dajin

Iri biyu ne za su shafe ka. Akwai baƙar beyar, wadda ta bazu a yawancin jihohin Amurka, kuma galibi da ta ji motsin mutum take arcewa. Akwai kuma girizili, mai tozo a kafaɗa, da fuska mai ɗan lotsawa, da dogayen farata. Ita ce ke gandun dajin Yellowstone da na Glacier da kusan ko'ina a Alaska, inda ake ƙiyasta akwai kimanin 30,000. Namijin girizili a Yellowstone yana iya haura kilo 300, na gaɓar tekun Alaska da tsibirin Kodiak kuwa, masu ƙoshi da kifi, har kilo 600 suna wucewa.

Gudunta yana kai kilomita 55 a awa, wato gudun babur a cikin gari. A lissafi, mita 15 ke nan a kowace daƙiƙa. Idan ta fito daga kurmi tana mita 30 da kai, daƙiƙa biyu gare ka. Riƙe wannan lissafin, don duk sauran shawarwarin a kansa aka ɗora su.

Gargaɗi: kada launi ya ruɗe ka. Baƙar beyar tana iya zama ja-ja ko ruwan ƙasa, girizili kuma tana iya yin duhu sosai. Tozo da farata ake dubawa.

2. Doka tukuna, kafin shago

Nan ne mutanenmu suka fi faɗawa rami. A dokar tarayyar Amurka, wanda ya shigo da bizar wucin-gadi, ta karatu ko ta aiki ko ta ziyara, an hana shi riƙe bindiga da harsashi, sai in ya shiga cikin 'yan keɓance-keɓancen da dokar ta yi, wanda mafi shahara a cikinsu shi ne mallakar lasisin farauta mai aiki daga wata jiha. Hanin bai tsaya ga saye ba. Ko hayar bindiga a filin koyon harbi, ko karɓar ta aboki ka rataya, duk riƙewa ne a idon doka, kuma yana iya cinye maka takardun zama. Idan kana cikin wannan rukunin, ga lauyan shige da fice kafin ka taɓa komai. Mai katin zama na dindindin da ɗan ƙasa ba su da wannan matsalar.

Dillali mai lasisin tarayya ba ya sayar da ƙaramar bindiga ga wanda bai kai shekara 21 ba, kuma ba ya miƙa ta ga wanda ba mazaunin jiharsa ba ne. Idan a wata jiha ka ga wadda kake so, sai an aika da ita wurin dillalin jiharku ka karɓa a can. Za ka cika fom mai lamba 4473, a bincika sunanka a rumbun bayanan hukuma. Sa wani ya cika fom ya saya maka babban laifi ne a kanku duka biyun.

Alaska, Montana, Wyoming da Idaho ba sa neman takardar izini ta musamman kafin baligin da doka ta yarda masa ya rataya bindiga, amma Kalifoniya da wasu jihohin dokarsu daban ce ƙwarai. A Alaska, in ɗan sanda ya tsayar da kai kana ɗauke da ita a ɓoye, wajibi ne ka sanar da shi nan take. Tun Fabrairun 2010 aka yarda a shiga gandun daji na ƙasa da bindiga bisa dokar jihar da gandun yake, sai dai ba a shiga da ita gine-ginen gwamnatin tarayya kamar ofishin karɓar baƙi, kuma harbi a cikin gandun haramun ne. Wanda ya harba ya ce kare kansa ya yi, bincike ne zai gaskata shi ko ya ƙaryata shi.

Gargaɗi: Kanada ba Amurka ba ce. Kada ka sa ƙaramar bindiga a mota ka ce za ka ratsa Kanada zuwa Alaska, kuma kada ka yi tunanin rataya ta a Banff ko Jasper. A can feshi kawai za ka riƙe.

3. Sayi feshin barkono kafin bindiga

Wasu za su ce ba wannan suka tambaya ba. To, su yi haƙuri. Tom Smith na Jami'ar Brigham Young da Stephen Herrero na Jami'ar Calgary, tare da abokan aikinsu, sun fitar da nazari a 2008 kan lokutan da aka yi amfani da feshin barkono a Alaska tsakanin 1985 da 2006. Sun gano ya dakatar da girizili a kashi 92 cikin ɗari, kuma kashi 98 na masu ɗauke da shi sun tsira ba rauni. A 2012 suka sake duba karo 269 da aka yi da bindiga a Alaska: ƙaramar bindiga ta yi nasara a kashi 84, doguwa a kashi 76. Masu son bindiga suna da ƙorafi kan yadda aka tattara alƙaluman, kuma wasu ƙorafe-ƙorafen na da tushe, don yanayin da ake fesawa da wanda ake harbi ba koyaushe suke ɗaya ba. Amma ba mai musun cewa feshi ba ya buƙatar saiti. Hazo yake yi a gabanka, dabbar ta shiga ciki.

Nemi gwangwanin da aka rubuta na beyar ne, mai rajistar hukumar kare muhalli ta Amurka, wanda bai gaza giram 225 ba. Kuɗinsa dala 40 zuwa 60. Duba ranar lalacewarsa. Rauninsa iska mai ƙarfi da ke busowa ta gabanka, da cikin tanti, da dabbar da aka fesa ta koma ta dawo. Waɗannan guraben su ne aikin bindiga.

Gargaɗi: ba a shafa shi a tanti ko a kaya kamar maganin sauro, ƙanshin da ya saura yana iya jawo ta. Ba a hawa jirgin sama da shi, ko a jakar hannu ko a akwati, sai ka saya idan ka sauka. Gandun Yosemite kuma ya hana shi gaba ɗaya.

4. Zaɓi girman harsashi

Ka fara da sanin cewa duk ƙananan bindigogi raunana ne a gaban girizili. Bindigar farauta ta yau da kullum mai harsashin .30-06 ta ninka ƙaramar bindiga mai harsashin .44 Magnum ƙarfi fiye da sau biyu. Ana ɗaukar ƙaramar ce kawai don ita ce za ta kasance a jikinka lokacin da kake ɗiban ruwa ko kake kafa tanti.

.357 Magnum shi ne ƙasan tsani. Da harsashi mai nauyin giren 180 (giren shi ne ma'aunin nauyin kan harsashi) ya isa ƙasar baƙar beyar, kuma yawancin mutane suna iya sarrafa shi.

10mm Auto ya ɗan ɗara shi, kuma shi ne ya mamaye kasuwa a 'yan shekarun nan. Ana ɗura masa giren 200 zuwa 220. Shurinsa akwai nauyi amma ba ya firgita hannu. Dakarun sintirin Sirius na Denmark, masu zagaya arewa maso gabashin Girinlan da karnuka a ƙasar farar beyar, bindiga ƙirar Glock 20 mai wannan harsashin suke ratayawa.

.44 Magnum shi ne tsohon hannu, tun tsakiyar shekarun 1950. Giren 240 zuwa 305, ƙarfinsa kamar ninki ɗaya da rabi na 10mm. Wanda ya saba da shi bai da abin nema gaba.

Sama da nan akwai .454 Casull, da .460 da .500 na kamfanin Smith & Wesson. Ƙarfi kam ba magana, .500 ya ninka .44 fiye da sau biyu. Amma bindigarsa mai gajeren bututu ma ta haura kilo ɗaya da rabi, harsashi biyar take ci, kuma bayan harbin farko bakinta sama yake kallo, kafin ka dawo da shi kan saiti daƙiƙa biyun nan sun ƙare. Abin da ya fi muni shi ne abin da take koya wa jiki: hannu ya fara zabura kafin harsashi ya fita, ido ya runtse, harbi ya tafi ƙasa. Mutum ya sayi irin wannan, ya harba kwali ɗaya, tafin hannunsa ya yi tsami, ya ajiye ta a durowa har ranar tafiya. Ga wanda ba tsohon maharbi ba, ban ga dalilin wuce .44 ba.

A ɗaya gefen, a 2016 wani gogaggen jagoran mafarauta a Alaska ya kashe girizilin da ta afka wa baƙinsa da 9mm mai harsashi mai tauri. Ba hujja ba ce ta ɗaukar 9mm, don mutumin ya shafe shekaru da dama yana mu'amala da dabbar. Abin da labarin ya nuna shi ne inda harsashi ya sauka da zurfin da ya shiga su ne suka yi aikin.

Yadda za ka yanke: je filin harbi da ke ba da haya, in doka ta yarda maka, ka gwada 10mm da .44 a rana ɗaya. Kafa farantin takarda mai faɗin santimita 20 a mita 10. Wadda ka iya zuba harsashi uku a cikin farantin cikin daƙiƙa uku zuwa huɗu, ita ce taka. Idan da duka biyun ka iya, ɗauki babbar. Idan ba ka iya da ko ɗaya ba, sauka zuwa .357 ka ci gaba da koyo.

5. Libarba ko mai magazin

Girman harsashin da ka zaɓa ya riga ya yi rabin hukuncin, don .357 da .44 galibi a libarba suke zuwa, wato mai ganga mai juyawa, 10mm kuwa a mai magazin, wato mai gidan harsasai da ake cusawa a mariƙinta.

Libarba ba ta da wani maɓalli da za ka manta. Ka ja kunama, in harsashi bai tashi ba ka sake ja, ganga ta juyo da na gaba. Idan dabbar ta riga ta danne ka, ka tokara mata bakin bindigar a jiki, za ta tashi. Mai magazin kuwa, in an danna bakinta da ƙarfi a jikin abu, marfin samanta yana iya ja da baya kaɗan ta ƙi tashi, haka nan in ka harba da sakakken hannu tana iya cijewa. Laifin libarba shi ne nauyi, da harsashi biyar ko shida kacal, da kunama mai tauri da ke buƙatar horo kafin a iya jan ta ba tare da saiti ya kauce ba. Ruger Super Redhawk Alaskan, mai bututun inci biyu da rabi, ta kai kusan kilo ɗaya da kwata ba harsashi, kuɗinta ya haura dala 1,000. Smith & Wesson 629 mai inci huɗu tana nan kusa da ita a nauyi da farashi, kuma ni na fi son inci huɗun, don gajeren bututu yana rage wa harsashi gudu, ya ƙara wuta da ƙara.

Glock 20 tana cin harsashi 15, cike nauyinta kilo ɗaya da giram ɗari da ɗoriya, kuɗinta wajen dala 600 zuwa 700. SIG, Springfield, FN da Smith & Wesson duk sun fitar da nasu 10mm ɗin. Kada adadin 15 ɗin ya ruɗe ka, ba za ka sami lokacin harba rabinsu ba. Amfaninta na gaskiya shi ne harbi na biyu da na uku suna zuwa da sauri kuma a kan saiti, sannan harsashin horo ya fi araha, don haka za ka fi yawan zuwa fili. Ga sabon shiga mai tafiyar ƙasa da kaya a baya, a nan nake karkata.

Gargaɗi: akwai Smith & Wesson 329PD, .44 Magnum mai nauyin giram 700 da ɗoriya. Masu jakar goyo suna ganin nauyin sai su ruɗe. Daɗin ɗauka gare ta, amma harbinta azaba ne, kuma tsananin shurin yana iya zaro kan harsasan da ke jira a ganga su leƙo gaba su hana ta juyawa. In ka nace sai ita, gwada ainihin harsashin da za ka tafi da shi: cika ganga, harba biyar, ciro na shida ka duba ko ya ƙara tsawo.

6. Harsashin da ake ɗurawa

Wannan matakin gajere ne amma kuskure a cikinsa yana ɓata duk na baya. Harsashi mai rami a baki, wanda yake buɗewa idan ya shiga jiki, ba na beyar ba ne. Gashi mai kauri, kitse, tsoka da ƙashin kafaɗa za su tsayar da shi kafin ya isa inda ake so. Nemi mai nauyi, na dalma mai tauri, mai shimfiɗaɗɗen baki, ko na jan ƙarfe zalla wanda ba ya buɗewa. Buffalo Bore, Underwood da HSM duk suna yin irinsa. Kwalin guda 20 yana kai dala 35 zuwa 50.

Sayi aƙalla kwali uku, ka harba biyu a cikin bindigarka da magazin ɗin da za ka tafi da shi. Wasu masu magazin ba sa haɗiye mai shimfiɗaɗɗen baki da kyau, wasu kuma ba sa juya giren 220 yadda ya kamata. Duba ramin da ya bari a takarda: in zagayayye ne, lafiya, in ya yi tsawo, harsashin a karkace yake tafiya, sauka zuwa giren 200.

Gargaɗi: kamfanin Glock ya hana harba dalma tsirara a bututunsa na asali. Masu yawa suna canza bututun, wasu suna zaɓar harsashi mai rufi. Sannan akwai harsasan .44 masu zafi ƙwarai waɗanda masu yin su suka rubuta a kwali cewa na manyan Ruger ne kawai. Karanta kwalin.

7. Kube a ƙirji

Ɗamarar jakar goyo tana zama daidai inda kuben ƙugu yake, saboda haka ko ta rufe bindigar ko ta hana ka ɗaura jakar. Wasu sai su maƙala kuben a jikin ɗamarar, wanda ke nufin duk lokacin da suka sauke jaka sun sauke bindiga. Mafita ita ce kuben ƙirji mai nasa maɗauri, wanda ake sawa kafin a goya jaka, kamar Kenai na Gunfighters Inc ko Guide's Choice na Diamond D. Ware dala 150 zuwa 200. Dole ya rufe kunama ruf, ya riƙe bindigar ko ka faɗi a gangare, kuma ka iya zarowa da kowane hannu. Feshi ya zauna a wani wurin daban da ɗaya hannun zai kai.

A Satumban 2018 girizili ta kashe wani jagoran mafarauta a Wyoming yana cikin feɗe dabbar da baƙonsa ya harbe. Yana da Glock 10mm, amma tana can wajen kayansu 'yan taku daga inda yake, ba harsashi a bututu, kuma baƙon da ya kai gare ta bai san yadda ake tashinta ba. Don haka ka yanke tun a gida ko da harsashi a bututu za ka riƙa yawo, ka yi horo a kan hakan, ka kuma nuna wa abokin tafiyarka yadda take aiki. Da dare ta kwana a wuri ɗaya a cikin tanti, cikin kubenta, kusa da tocila.

8. Horo

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yi kwas ɗin koyon harbi wurin malami mai lasisi, dala 100 zuwa 300 gwargwadon wuri. Sannan ka ware harsashin horo ɗari uku zuwa biyar kafin tafiyar farko. Mai .44 Magnum yana iya koyo da .44 Special mai sauƙin shuri, mai .357 da .38 Special, amma ka rufe kowane zama da 'yan harsasan gaske don hannu ya san su.

Yi horon sanye da jakarka, da rigar ruwa, da safar hannu. Zaro ka harba daga mita 10, sannan 7, sannan 3. Gwada da hannu ɗaya, gwada da na hagu, gwada a durƙushe. Dabbar da ta taho a guje kanta a ƙasa yake, kuma tana cinye tazara, shi ya sa harbi ke yawan wucewa ta samanta. Saita ƙasa, tsakanin hanci da ƙirji. A gida kuma, bayan ka tabbatar sau biyu cewa ba harsashi a ciki, ka kai harsasan wani ɗaki, yi ta maimaita zarowa.

Gargaɗi: toshe kunne biyu-biyu a fili, na ciki da na waje. Kuma in dabbar tana kan abokinka, feshi ya fi aminci. A 2011, a kan iyakar Montana da Idaho, harsashin wani mafarauci da ya yi niyyar ceton abokinsa daga girizili shi ne ya kashe abokin.

Idan ka haɗa lissafi, mai 10mm zai kashe kamar dala 1,300 zuwa 1,600 tsakanin bindiga, kube, harsasai, kwas da feshi. Mai libarba ya ƙara dala 400 zuwa 600 a kai.

9. Kai ta bakin daji

A jirgin cikin gida ana tafiya da ita ba harsashi a ciki, cikin akwati mai tauri da aka kulle, a kayan da ake aunawa, kuma sai ka faɗa wa ma'aikacin kanta da bakinka. Harsasai su zauna a kwalinsu. Duba dokar duk jihar da za ka sauka, har da wadda za ka canza jirgi a cikinta.

A dajin kuma, bindiga ba ta ɗauke maka sauran aikin ba. Ku yi tafiya a ƙungiya kuna magana da ƙarfi, musamman kusa da rafi da cikin kurmi. Abinci da man goge baki su shiga gwangwanin da beyar ba ta iya buɗewa, a dafa abinci mita 90 daga tanti. Yellowstone ta ce a bar tazarar yadi 100 tsakaninka da beyar, gandun Denali na Alaska ya ce yadi 300. Kada ka gudu. Sau da yawa tana tahowa ne ta tsaya ko ta kauce, barazana kawai take yi, harbin da ya raunata ta kuwa yana iya mayar da barazanar faɗan gaske. In girizili mai kare 'ya'yanta ta kai ka ƙasa ba makami a hannunka, kwanta rub da ciki ka kare wuya. In baƙar beyar ce, ko kowace iri ce ta shigo maka tanti da dare, yi faɗa da duk abin da ka samu.

10. Idan ka harba

A jihohin da ke kudu da Kanada, girizili tana cikin dabbobin da dokar tarayya ke karewa tun 1975. An yarda ka kashe ta don kare ranka ko ran wani, ba don kare jaka ko abinci ba, kuma dole ka kai rahoto ga hukumar kula da namun daji. Yi hakan da zarar ka sami sabis, ko da raunata ta kawai ka yi, don masu zuwa bayanka su sani. Kada ka ɗauki farce ko haƙori. Ɗauki hotunan wurin, ka rubuta tazara da lokaci tun kana tunawa.

A Alaska ƙa'idar kare rai ko dukiya ce ke aiki, kuma ba ta rufe wanda ya jawo dabbar da sakacin ajiye abinci ba. Za ka sanar da hukuma nan take, ka feɗe dabbar, ka miƙa wa jihar fatar da faratanta a jiki tare da ƙoƙon kai, sannan ka cika rahoto a rubuce cikin kwana 15. Saboda haka wuƙa mai kaifi da lambar ofishin namun daji na yankin su shiga jakarka tun daga gida.